Shin kwamfuta na iya gane sa hannun mutum? Fashin baƙi kan na'urar tantance sa hannu

Ɗan kasuwa ya rubuta cek ya miƙa wa wanda ya sauke masa kaya. Washegari cek ɗin ya dawo, banki ya ce sa hannun bai dace da wanda ke ajiye a wurinsu ba. Mutumin nan ya rantse da hannunsa ya sa, kuma gaskiya ya faɗa. A wani reshen kuma, cek ɗin da ɓarawo ya kwaikwayi sa hannun mai asusu ya wuce salin alin, sai da saƙon cire kuɗi ya shigo waya aka farga. Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ake ji ita ce "ai yanzu kwamfuta ce ke dubawa". Wasu na faɗar haka da nufin kuskure ya ƙare, wasu kuma da nufin an bar dukiyar mutane a hannun abin da ba shi da hankali.

Tambayar dai ita ce: me kwamfutar ke dubawa a zahiri idan aka ce ta tantance sa hannu, har ina za a yarda da hukuncinta, kuma idan ta yi kuskure wa ke kwana a ciki?

Abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya

Ruɗanin ya faro ne daga suna. Akwai sa hannun biro a kan takarda, wanda daga baya ake ɗaukar hotonsa a ba manhaja ta kwatanta da samfurin da aka ajiye. Wannan shi ne na cek, da takardar cire kuɗi, da ambulan ƙuri'ar da ake aikawa ta gidan waya a Amurka. Abin da manhaja ke da shi a nan hoto ne kawai, wato sawun da biro ya bari bayan an gama.

Na biyu shi ne wanda ake yi a kan ɗan allon lantarki da alƙalaminsa na musamman, irin wanda ake miƙa wa mutum a wasu cibiyoyin rajistar lambar NIN da wasu bankuna. Idan allon mai kyau ne, bayan siffar sa hannun yana kuma naɗar yadda hannu ya tafi: saurinsa, nauyin dannawarsa, inda ya tsaya, inda aka ɗaga alƙalami.

Na uku kuwa ba ruwansa da rubutun hannu ko kaɗan. Shi ne abin da ake kira sa hannun dijital, lissafin sirri ne da ake ƙulle takardar kwamfuta da shi ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya za a gane. Sunan ne kawai ya haɗa su. Wannan bayani kan na farko da na biyu yake.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a riƙe tun daga nan. Zanen yatsa, wanda aka gina BVN a kansa tun ƙaddamar da ita a watan Fabrairun 2014, halitta ce da mutum ke yawo da ita. Sa hannu kuwa ɗabi'a ce da hannu ya koya, kuma ɗabi'a tana motsi da gajiya, da gaggawa, da ciwo, da shekaru. Duk wahalar wannan fanni daga nan ta taso.

Idan sa hannu biyu suka zo daidai-wa-daida

Yawancin mutane na zaton manhajar tana ɗora hoton sabon sa hannu a kan tsohon ne, idan suka hau juna cif ta ce na gaske ne. Akasin haka ne. Babu mai iya sa hannu sau biyu su fito iri ɗaya sak. Duk wanda ke shakka ya ɗauki farar takarda ya sa hannu sau goma a jere, ya ɗaga biyu-biyu a hasken taga. Zai ga wutsiyar harafin ƙarshe ta yi tsawo a nan ta gajarta a can, ɗigon ya matsa, layin ƙasa ya ɗan karkata. Saboda haka idan aka sami biyu da suka hau juna ba tare da saɓani ba, masu binciken takardu na ɗaukar hakan a matsayin alamar an ɗora takarda an bi sawu, ko an kwafo hoto an manna.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1865 wata attajira mai suna Sylvia Ann Howland ta rasu a garin New Bedford na jihar Massachusetts, ta bar dukiya ta kusan dala miliyan 2. 'Yar 'yar'uwarta, Hetty Robinson, ta fito da wata takardar wasiyya da ke mallaka mata kusan komai. Masu kula da gadon suka ce sa hannun da ke shafi na biyu bin sawu aka yi. Aka gayyato malamin lissafi na jami'ar Harvard, Benjamin Peirce, tare da ɗansa Charles. Suka tattara sa hannun marigayiyar na gaske guda 42, suka gwama su biyu-biyu har gwami 861, suna duba layuka 30 da alƙalami ke saukowa ƙasa a cikin sunan. Suka gano cewa a sa hannunta na gaske, kusan layi ɗaya cikin biyar ne ke faɗawa wuri ɗaya da takwaransa. A wanda ake gardama a kai kuwa, duka 30 ɗin sun hau kan na wata takardar daban. Kotu ta yanke hukunci a 1868 bisa wani dalili na ƙa'idar shaida, ba ta dogara da lissafin ba, kuma masana daga baya sun soki wasu zato da Peirce ya gina a kai. Amma tunanin ya zauna: abin aunawa shi ne iyakar yadda mutum ke saɓa wa kansa.

Na'urar sa hannu da shugabannin Amurka ke amfani da ita, wadda ta jawo cece-kuce a 2025 lokacin da Donald Trump ya yi zargin cewa da ita aka sa hannu a takardun afuwar da Joe Biden ya bayar, misali ce mai kyau. Biro na gaske take riƙewa, tawada ta gaske take zubarwa, amma abu ɗaya take maimaitawa. Ta haka ake gane aikinta.

Yadda manhaja ke karanta sa hannun kan takarda

A Najeriya cek ya daina tafiya da ƙafarsa tsakanin bankuna. Tun da Babban Banki ya fara tsarin musayar hoton cek a Legas a 2012, ya kuma game ƙasa da shi a 2013, takardar tana tsayawa ne a bankin da aka kai ta, hotonta da lambobin da ke layin ƙasa su ne ke bi ta NIBSS, cibiyar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, zuwa bankin mai asusu. A Nijar da sauran ƙasashen sefa na yammacin Afirka ma hoton cek ake musanya a tsarin babban bankinsu na BCEAO. Ma'ana, ko mutum ne zai duba ko manhaja, hoto za a duba.

Aikin manhajar yana bin matakai, kuma kowane mataki yana da inda yake lalacewa.

Da farko sai ta nemo inda sa hannun yake ta yanko shi. A cek wurin sananne ne, amma mutane na ƙetare layi, wasu su hau kan adadin kuɗin. Asusun kamfani mai sa hannun mutum biyu da hatimi a kai ya fi ba da wahala, domin tawadar hatimi ta kan haɗiye rabin rubutun.

Daga nan sai wanke hoto: a cire zanen tsaro da ke bayan takarda, a cire layin da aka buga, a mayar da kowane ɗigo ko baƙi ko fari. A nan ake babbar asara. Hoton cek na baƙi da fari yawanci ɗigo 200 ne a kowane inci, alhali mai binciken takardu da madubin ƙara girma yake aiki a kan takardar asali. Siririn layin da biro ya bari lokacin da hannu ke tashi da gudu, wanda yana cikin manyan shaidun sa hannu na gaske, sau da yawa ɓacewa yake a wannan mataki. Biro mai shuɗin da ya koɗe, ko wanda tawadarsa ke yankewa, sai ya fito kamar an ɗaga hannu a tsakiyar harafi.

Sai daidaita girma da matsayi, don kada a hukunta mutum saboda yau ya rubuta da ɗan girma ko ya fara daga gefe.

Bayan haka ake awo. Tsofaffin manhajoji suna ƙirga abubuwan da mutum zai iya nunawa da yatsa: tsawo a kan faɗi, karkatar haruffa, yawan zagaye, wuraren da layi ya gitta layi, yawan tawada a kowane gida idan aka raba hoton gida-gida kamar dara. Na yanzu, masu ƙirƙirarriyar basira, ana nuna masu dubban sa hannu ne na gaske da na jabu har su tsamo wa kansu abin dubawa, su mayar da kowane sa hannu jerin lambobi ɗaruruwa ko dubbai. Dabarar da ta fi shahara ita ce ta tagwaye: a ba ɓangarori biyu masu tsari iri ɗaya sa hannu ɗai-ɗai, a auna tazarar da ke tsakanin lambobin da suka fitar. Masana a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ciki har da Yann LeCun, su suka fito da ita a 1993, kuma don sa hannu aka ƙirƙire ta, da burin taƙaita bayanin mutum ya shiga baƙin layin da ke bayan katin banki. Yau irin wannan dabara tana cikin waɗanda ake gane fuska da su.

Ƙarshen duk wannan, manhaja ba ta cewa "na gaske ne" ko "jabu ne". Maki take bayarwa.

Allon da ke jin motsin hannu

Nan ne fannin ya fi ƙarfi, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa kallon mai kwaikwayo yana aiki. Mai asusu rubutu yake yi, hankalinsa na wani wuri, hannu na tafiya da kansa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Mai kwaikwayo zane yake yi, ido na kan samfuri. Idan ya bi a hankali don siffa ta fito, layin zai yi rawa, farkonsa da ƙarshensa su yi dunƙule, nauyin hannu ya zama ɗaya tun daga fari har ƙarshe. Idan ya yi sauri don layi ya yi santsi, siffar ta kuɓuce masa, ɗabi'ar hannunsa ta leƙo. Da wuya ya haɗa biyun.

Allon kirki yana naɗar matsayin bakin alƙalami sau 100 zuwa 200 a kowace daƙiƙa. A kowane naɗi yana ajiye inda bakin yake a tsaye da a kwance, da lokacin, da nauyin dannawa, wanda a alluna irin na kamfanin Wacom ake aunawa a matakai 1,024 ko fiye. Wasu na ƙarawa da karkatar alƙalamin. Abin da ya fi burgewa shi ne allon na bin alƙalami ko yana sama bai taɓa gilashi ba, matuƙar bai yi nisa ba. Hanyar da hannu ke bi a iska daga ƙarshen suna zuwa inda zai ɗiga ɗigo ba ta barin sawu a takarda, don haka ɓarawon da ya samu hoton sa hannu ba shi da inda zai gan ta. Haka nan bai san ko mai shi yana ja layin ƙasa ne daga hagu ko daga dama ba, ko kuwa da shi yake farawa.

Sai matsalar kwatantawa. A ce sa hannun rajista ya ɗauki daƙiƙa 3, wato ɗigo 600 a allo mai naɗi 200, na yau kuma ya ɗauki daƙiƙa 3 da rabi, ɗigo 700. Ba za a gwama ɗigo na 300 da na 300 ba, domin ba a wuri ɗaya suke a cikin sunan ba. Kamar almajirai biyu ne ke karanta sura ɗaya, ɗaya na ja ɗaya na sauri: malamin da ke saurare aya da aya yake bi, ba agogo ba. Manhajar ma haka take yi, tana miƙa lokaci a nan ta tauye shi a can har sassan su fuskanci juna, sannan ta tara abin da ya rage na saɓani. Daga fannin gane murya aka aro dabarar, inda injiniyoyin Japan suka inganta ta a shekarun 1970.

Rajista ita ce ginshiƙi. Ana bukatar samfuri aƙalla uku zuwa biyar, kuma ya fi kyau a karɓe su a zama biyu mabambanta, domin biyar ɗin da aka yi a jere cikin minti ɗaya sun fi kama da juna fiye da yadda mutum yake a rayuwa. Wanda aka yi wa rajista a tsaye, allo na lilo a hannun ma'aikaci, layi na bayansa ana ce masa ya yi sauri, an riga an ɓata ma'auninsa tun ranar farko. Sa hannu da yatsa a gilashin waya kuwa, irin na masu kawo saƙo, ba ya ɗauke da nauyin dannawa, kuma kusan kowa hannunsa na canjawa a kai. Shaidar karɓar kaya ce, bai kai a gina tantance mutum a kansa ba.

Maki, da inda ake yankewa

Tunda maki manhaja ke bayarwa, dole wani ya zauna ya ce daga nan zuwa sama an wuce, kamar yadda ake tsayar da makin shiga jami'a bayan jarrabawar JAMB. Mutane ne ke tsayar da wannan iyaka, kuma gaba kura ce baya sayaki. A ɗaga ta, a riƙa mayar da masu gaskiya. A sauke ta, jabu ya riƙa wucewa. Ba a rage ɗaya sai ɗaya ya ƙaru.

Masu sayar da manhaja sun fi son ambaton adadi guda, wato inda kurakuran biyu suka yi kunnen doki. A gasar duniya ta farko kan wannan fanni, wadda aka shirya a Hong Kong a 2004 da sa hannun kan allo, manhajar da ta zo ta ɗaya, ta jami'ar Sabanci da ke Turkiyya, ta tsaya a kusan kashi 3 cikin 100 a gaban ƙwararrun masu kwaikwayo. An ci gaba sosai tun lokacin, amma har yau na hoton takarda yana bayan na allo. Kuma duk adadin da aka faɗa, tambayar farko ita ce da wane irin jabu aka gwada. Akwai wanda bai ma san sunan mai asusu ba, ya yi nasa sa hannun kawai. Akwai wanda ya san suna amma bai taɓa ganin sa hannun ba. Akwai wanda ya samu samfuri ya kwana yana gwaji. Kama na farko da na biyu ba abin alfahari ba ne. Kashi 99 da aka samu a kansu ba ya gaya wa banki komai game da yaron shago ko akawun da ke ganin sa hannun maigida kullum.

Ga wani lissafi na misali da ke nuna abin da ke faruwa a ɗakin aiki. A ɗauka banki na karɓar cek 10,000 a rana, 10 daga ciki jabu ne, manhajar kuma na kuskuren kashi 3 ta kowane ɓangare. Za ta kama kusan duka goman. Amma za ta kuma tsayar da kusan 300 na masu gaskiya. Ma'aikacin da aka tura wa waɗannan 310 zai buɗe talatin kafin ya ci karo da jabu ɗaya, kuma cek na jiran a gama tantance shi zuwa washegari. Bayan 'yan makonni hannunsa zai saba da danna "a biya". A nan ne tsare-tsare da yawa ke faɗuwa, ba a cikin lissafin manhajar ba.

Shi ya sa masu hankali ke amfani da ita ta fuska ɗaya. A zaɓen Amurka na 2020, gundumar Clark ta jihar Nevada, inda birnin Las Vegas yake, ta yi amfani da na'ura wajen duba sa hannun ambulan ƙuri'u. Na'urar ta amince da kusan kashi 30 cikin 100, sauran duka aka miƙa wa mutane. Ba a ba ta ikon soke ƙuri'ar kowa ba. 'Yan jam'iyyar Republican sun kai ƙara, suna cewa an sassauta ma'aunin kuma hotunan samfurin da aka ɗauko daga ofishin lasisin tuƙi ba su da kyau, kotu ta yi watsi da ƙarar. Ko me mutum ke gani game da siyasar, tsarin ya nuna abin da ya dace: na'ura ta rage tulin, mutum ya yanke hukuncin ƙi.

Waɗanda na'urar ta fi takura wa

Kuskuren ba ya rabuwa daidai a kan jama'a. Masana fannin suna da wani rabe-rabe da George Doddington ya kawo a 1998 a binciken gane murya: tumaki su ne mafi yawa, waɗanda na'ura ke ganewa ba wahala, awaki su ne waɗanda kullum ake ƙi ko da su ne, 'yan raguna su ne masu sauƙin kwaikwayo, kyarketai kuma gwanayen kwaikwayon wasu. Adadin da kamfani ke talla da shi matsakaici ne, tumaki sun rinjaye shi.

Su wane ne awakin a wurinmu? Dattijon da ya buɗe asusu shekara ashirin da suka wuce, katin samfurinsa na nan yadda yake, hannunsa kuwa ya fara rawa. Wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Mai cutar Parkinson, wadda ke sa rubutu ya riƙa ƙanƙancewa yana tafiya. Matashin da ya yi sa hannun farko yana ɗan shekara 18 bai riga ya zauna a kan salo ɗaya ba. Sai kuma babban rukuni: wanda ba ya rubutu a harkarsa ta yau da kullum, aka ce sai ya sa hannu, ya ƙirƙiro wani abu nan take a gaban kanta. Bayan wata shida ba zai tuna yadda ya yi ba. Wannan ba shi da ɗabi'ar da za a auna tun asali, kuma dangwala yatsa ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Kunya ce kawai ke hana mutane da yawa neman haka, kuma ma'aikacin da ke buɗe asusu ya kamata ya sauƙaƙa masu.

'Yan raguna kuwa su ne masu sa hannun harafi biyu da ɗan ja. Ba a cika mayar masu da cek ba, amma kowa na iya yi.

Akwai kuma batun irin rubutu. Fitattun rumbunan sa hannu da masu bincike ke horar da manhajoji da su an tattara su ne a wurare irin su Sifaniya, Amurka, Indiya, Iran da Hong Kong. Malamin da ke rubuta sunansa da ajami daga dama zuwa hagu, da hannun da ya saba da alƙalamin kara da rubutun allo mai kauri, ba lallai ma'aunin da aka tsayar a kan ɗaliban jami'ar Turai ya yi masa adalci ba. Duk bankin da zai sayi irin wannan manhaja, hakkinsa ne ya gwada ta a kan katunan abokan hulɗarsa, reshe-reshe, kafin ya yarda da adadin da ke cikin takardar talla.

Abin da ba ta gani ko ta ƙware

Manhaja na iya cewa wannan sa hannun ya yi kama da na wane. Kama da wane kuwa ba ta wane. Idan aka yanko sa hannu na gaske daga wata wasiƙa aka buga shi a sabuwar takarda, hoton zai ci maki mai kyau, domin na gasken ne. A takardar asali mai bincike zai ga babu kwarmin da bakin biro ke bari, zai ga garin injin buga takarda a maimakon tawada, ko ragowar kabon da fensir a ƙarƙashin layi idan ya haska fitila ta gefe. Duk wannan ba ya shiga hoto. Kariyar da manhaja ke da ita a nan ɗaya ce: ta ajiye sa hannun da suka gabata, ta yi ƙara idan sabo ya hau kan wani tsoho cif.

Ba ta kuma san ko an tsare mutum ne ya sa hannu ba, ko ya sa a cek fanko ya bar wa yaro, ko an goge sunan mai karɓa an sauya adadi bayan ya sa. Shi ya sa kiran waya da banki ke yi kafin biyan babban cek, da tabbatar da cek tun kafin a kai shi, suka fi kowace manhajar sa hannu tare ɓarna. A wasu wuraren ma an haƙura da sa hannun gaba ɗaya: a Afrilun 2018 manyan kamfanonin kati, ciki har da Visa da Mastercard, suka daina wajabta shi a shagunan Amurka. A Najeriya kuma tun 2010 cek ɗin da ya haura naira miliyan 10 ba ya bi ta musayar bankuna, sai dai a tura ta lantarki.

Idan aka yi asara, wa zai biya

Doka ba ta san makin manhaja a matsayin uzuri ba. Sashe na 24 na dokar takardun kuɗi ta Najeriya, wadda aka gada daga dokar Ingila ta 1882, ya ce sa hannun jabu ba ya aiki sam. Bankin da ya biya cek a kansa ba shi da umarnin mai asusu, kuma asali shi zai mayar da kuɗin, komai gwanintar jabun. Inda mai asusu ke rasa wannan kariya shi ne idan ya san ana kwaikwayon hannunsa ya yi shiru, ko ya rubuta cek da sakacin da ya buɗe ƙofar sauya shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lauyan banki tsagar zai fara nema.

A kotu, dokar shaida ta 2011 ta ba alƙali damar kwatanta sa hannun da ake gardama a kai da wanda aka tabbatar, ta kuma yarda da ra'ayin ƙwararre. Abin da kwamfuta ta fitar sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 kafin a karɓe shi, kuma ko an karɓa, wani zai tsaya ya bayyana yadda aka samu makin. Ga manhajojin zamani da ba sa iya nuna dalilinsu da yatsa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta amince da sa hannun lantarki a cinikayya, amma ta ware abubuwa irin su wasiyya, takardun haihuwa da mutuwa, da lamuran aure. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan jiki da ake gane mutum da su cikin masu tsananin sirri, ta ba mutum damar ƙin hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai idan ya shafe shi sosai, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa.

Ga wanda aka mayar wa cek alhali shi ya sa hannu, matakin farko shi ne ya je reshensa da katin shaida ya nemi a nuna masa samfurin da ke ajiye. Da yawa a nan suke ganin sa hannun da suka bari tun suna samari. Sai ya cike takardar sabunta samfuri, ya yi shi a zaune, a kan tebur, da irin biron da ya saba, da saurin da ya saba, kada ya tsaya ƙawata shi don na banki ne. Wanda hannunsa ke rawa saboda ciwo ya faɗa a rubuta a fayil ɗinsa, ko ya nemi a haɗa masa da zanen yatsa. Wanda aka cire wa kuɗi da jabu kuma ya rubuta koke nan take, ya karɓi lambar koken, ya bukaci a adana takardar cek ta asali da ke bankin da aka kai ta, domin a kanta ne kawai mai bincike zai ga kwarmin biro. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware ba, sai ya ɗaukaka koken zuwa sashen kare hakkin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin wasiƙarsa ta farko da lambar da aka ba shi.